Sarƙewar Kwantum da Iyakar Bell: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban Fiziks a nan Kano suka fi kawowa idan karatu ya iso babin kwantum, tun daga 'yan aji uku na jami'a har malaman sakandare masu son yi wa ɗalibansu bayani. Lissafin da ke ciki bai wuce kusurwa da sin da kos na babbar sakandare ba. A tanadi biro da takarda, domin tambaya ta uku sai an bi ta da hannu kafin ta zauna.

Mece ce sarƙewar kwantum?

Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya sunanta foton. Foton yana da sifar da ake kira fuskar kaɗawa: yana iya kaɗawa a tsaye, ko a kwance, ko a wata kusurwa tsakaninsu. Ana auna wannan sifa da matacin haske, irin ledar da ke jikin wasu tabarau na rana. Idan foton guda ya iso mataci, ko dai ya wuce ko a tare shi. Rabin foton ba ya wucewa.

Akwai hanyar samar da foton biyu lokaci guda daga tushe ɗaya, ta yadda lissafin kwantum ba ya ba kowannensu fuskar kaɗawa tasa ta kansa, sai dai ya faɗi halin su biyun a haɗe. Wannan shi ake kira sarƙewa. Ga abin da ake gani a ɗakin gwaji. In aka dubi kowanne shi kaɗai, duk kusurwar da aka juya matacinsa, rabin lokaci ya wuce, rabin lokaci a tare shi, kuma ba mai iya faɗin wanne zai biyo baya. Amma in aka saita matatai biyun a kusurwa ɗaya, ko digiri 0, ko 17, ko 63, duk abin da wannan ya yi shi wancan zai yi, ko da tazara mai yawa a tsakaninsu. Ana samun irin wannan da elektron, da atom, da ƙananan da'irorin lantarki na cikin kwamfutar kwantum.

Malam, ina abin mamaki a nan? In na sayi takalmi a Kasuwar Kurmi, na aika ƙafa ɗaya Zariya ɗaya Katsina, ai wanda ya ga ta dama ya san ta hagu ce a ɗaya garin.

Duk ɗalibin da ya kawo wannan ya kama bakin zaren, domin matsayin Albert Einstein ke nan. A 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka fitar da maƙala mai wannan hujja: in awon da na yi a nan ya ba ni tabbacin abin da za a samu a can, kuma awona bai taɓa abin da ke can ba, to amsar tana can tun farko. Lissafin kwantum bai ambace ta ba, saboda haka lissafin ne bai cika ba. Waɗannan amsoshi da ake zaton ƙwayoyin sun ɗauko daga tushe su ake kira ɓoyayyun sifofi.

Hujjar tana tsaye kan ginshiƙi biyu. Na farko, sakamakon awo yana fitowa ne daga abin da ƙwayar ke ɗauke da shi da kuma na'urar da ke gabanta. Na biyu shi ne ƙa'idar kusanci: abin da aka yi a wuri ɗaya ba ya tasiri a wani wuri sai wani abu ya yi tafiya tsakaninsu, kuma ba abin da ke wuce gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan. Niels Bohr ya mayar da martani a shekarar, David Bohm ya sauƙaƙa misalin a 1951, amma kusan shekara 30 ana ɗaukar maganar a matsayin gardamar falsafa da gwaji ba zai raba ba.

Inda takalmi ya gaza shi ne tambaya ɗaya tak ake yi masa, dama ko hagu. Shi kuwa foton ana iya tambayarsa a kowace kusurwa, kuma ana iya zaɓen kusurwar bayan ya bar gida. Ta wannan ƙofa John Bell, ɗan Belfast da ke aiki a cibiyar CERN ta ƙasar Siwizalan, ya shigo a 1964.

To me Bell ya gano? A yi mana shi dalla-dalla.

A ɗauka tushen foton yana tsakiyar gari, mai awo ɗaya yana Kabuga, ɗaya yana Hotoro. Kowane tagwayen foton da aka saki, kowa ya rubuta 1 in nasa ya wuce, 0 in an tare shi. Daga baya a haɗa takardun biyu a ƙirga layukan da aka samu saɓani.

Mataki na farko: matatai biyun suna kan digiri 0. Saɓani babu.

Mataki na biyu: na Kabuga ya juya nasa digiri 30 zuwa dama, na Hotoro bai taɓa nasa ba. Saɓani ya zama 25 cikin 100. Lissafin kwantum yana ba da sin² na bambancin kusurwa, kuma sin 30 rabi ne, rabi sau rabi kwata.

Mataki na uku: na Kabuga ya koma 0, na Hotoro ya juya nasa digiri 30 zuwa hagu. Saɓani 25 cikin 100 kamar dā.

Mataki na huɗu: kowa ya juya nasa, wannan 30 dama, wancan 30 hagu, bambanci ya zama 60. Kafin a duba, a tambayi mai ra'ayin ɓoyayyun sifofi me yake tsammani. A wurinsa kowane foton ya fito da amsoshinsa a shirye, kuma abin da aka yi a Hotoro bai shafi takardar Kabuga ba. Juyin Kabuga ya canza layi 25 cikin 100 a takardar Kabuga. Juyin Hotoro ya canza layi 25 a takardar Hotoro. In duk canje-canjen sun faɗa a layuka daban-daban, saɓani ya kai 50. In wasu sun faɗa layi ɗaya, sun kashe juna, adadin ya ragu. Ko ta yaya aka tsara ɓoyayyun sifofin, ba za a wuce 50 ba. Irin wannan iyaka ita ake kira iyakar Bell.

Lissafin kwantum ya ce sin² 60, wato 75 cikin 100. Gwaje-gwaje kuma lissafin kwantum suka bi.

A lura da abin da hujjar ba ta buƙata. Ba ta tambayi mece ce ɓoyayyiyar sifar ba, ko guda nawa ce, ko tana canzawa a hanya. Shi ya sa ta share dukan ra'ayoyin wannan gida gaba ɗaya, har waɗanda ba a riga an ƙirƙira ba.

Muna ganin ana rubuta S bai wuce 2 ba, wani wuri kuma 2.83. Daga ina suka fito?

Misalin da ya gabata yana buƙatar saɓani ya zama sifili cif a mataki na farko, kuma babu na'urar da ta kai haka. A 1969 John Clauser da Michael Horne da Abner Shimony da Richard Holt suka fitar da sigar da ke jure wa na'ura mai aibi. Ita ake kira CHSH.

Kowane ɓangare yana da kusurwa biyu da zai zaɓa. A kira sakamakon ɓangare na farko A da A', na biyu B da B', kowanne ko +1 ko −1. A dubi wannan: A(B − B') + A'(B + B'). In B da B' iri ɗaya ne, baka ta farko ta zama sifili, ta biyu ta zama +2 ko −2. In sun bambanta, akasin haka. Ko yaya dai jimlar +2 ce ko −2, don haka matsakaicinta bayan dubban gwaji ba zai wuce 2 ba. Matsakaicin nan shi ne S. Zaton da aka yi a ɓoye shi ne cewa duka huɗun suna da ƙima a lokaci guda, har waɗanda ba a auna ba, kuma A bai dogara da ko B aka zaɓa ko B' ba.

A kwantum, dacewar sakamako, wato matsakaicin A sau B, a kusurwa a da b ita ce kos 2(a − b). A zaɓi 0 da 45 a ɓangare ɗaya, 22.5 da 67.5 a ɗayan. Uku daga cikin haɗe-haɗen huɗu suna ba da +0.707, ɗayan yana ba da −0.707, kuma shi ne mai alamar ragi a gabansa. Jimla 2.83, wato 2√2. Boris Tsirelson ya nuna a 1980 cewa kwantum ita ma ba ta wuce nan.

Su wa suka yi gwajin a aikace?

Stuart Freedman da Clauser ne na farko, a Berkeley ta Amurka a 1972, da foton daga atom ɗin kalsiyam. A 1982 Alain Aspect da abokan aikinsa a Orsay ta Faransa suka sami S = 2.697 da kuskuren 0.015. Ƙungiyar Anton Zeilinger a Innsbruck ta Ostiriya ta sami 2.73 a 1998 da tazarar mita 400. A 2017 tauraron ɗan'adam na ƙasar Sin mai suna Micius ya raba tagwayen foton tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,203, tazarar da ta fi ta Kano zuwa Legas, aka sami 2.37. Aspect da Clauser da Zeilinger su aka ba kyautar Nobel ta Fiziks a 2022.

In an gama tun 1972, me ya sa aka ci gaba da maimaitawa har shekara 40 da ɗoriya?

Saboda gwaje-gwajen farko sun bar kafofi da mai ra'ayin ɓoyayyun sifofi zai iya sulalewa ta ciki, kuma masu nuna kafofin suna da gaskiya. Uku ne manya.

Ta farko kafar saƙo ce. In an saita kusurwoyi tun da safe aka bar su, wa ya hana wani tasiri da ba mu sani ba ya bi a hankali daga wannan mataci zuwa wancan, ko zuwa tushen? Maganinta a zaɓi kusurwa a kuma gama awo kafin haske ya iya ƙetare tazarar. Haske yana cin kimanin santimita 30 a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A gwajin Aspect na ƙarshen 1982 tazarar mita 12 ce, wato nanosakan 40, shi kuma yana sauya kusurwa duk bayan nanosakan 10 ko kusa da haka. Sai dai sauyin nasa yana bin wani zagaye da za a iya hasashe. A Innsbruck ne aka sa na'ura mai fitar da lambobin kara-zube ta yi zaɓin, cikin maikurosakan 1.3 (nanosakan 1,300) da tazarar mita 400 ta ba su.

Ta biyu kafar kamu ce, kuma ita ta fi wuya. Ditekta, wato na'urar da ke gano isowar foton, ba ta kama kowane foton. A Innsbruck kimanin kashi 5 cikin 100 kawai ake kamawa. Ana iya tsara ɓoyayyun sifofi ta yadda foton zai ƙi bayyana idan kusurwar da aka tambaye shi ba ta yi masa ba, sai waɗanda suka rage su ba da S mai yawa na ƙarya. Lissafi ya nuna a sigar CHSH sai kamu ya haura kashi 82.8 kafin wannan kafa ta rufe. Philippe Eberhard ya nuna a 1993 cewa in aka yi amfani da sarƙewar da aka rage mata ƙarfi da gangan, kashi biyu bisa uku ya isa. A 2001 aka toshe kafar da ayon (atom mai cajin lantarki) na beriliyam a cibiyar NIST ta Amurka, amma ayon ɗin suna dab da juna, don haka kafar saƙo a buɗe take.

Sai a 2015 aka toshe su biyun a gwaji guda, kuma ƙungiyoyi uku ne suka yi. A Delft ta ƙasar Holan an sarƙe elektron biyu a cikin duwatsun daimon masu nisan kilomita 1.3, aka yi awo 245, aka sami 2.42 da kuskuren 0.20. A Viyana da Boulder an yi da foton da ditektoci masu tsananin sanyi, kamunsu kimanin kashi 75. Awon Delft kaɗan ne, shi kaɗai ba zai gamsar da mai taurin kai ba, amma na foton biyun sun tara awo mai ɗimbin yawa.

Ta uku kafar zaɓi ce: idan na'urar zaɓen kusurwa da tushen foton suna da wani tsohon sanadi guda fa? Ba a iya rufe wannan ɗungurungum, sai dai a tura ta baya. A 2018 an bar hasken wasu kwasa (quasar, cibiyoyin tarin taurari masu tsananin haske) masu nisan gaske ya zaɓi kusurwa ta madubin hangen nesa a tsibirin La Palma na ƙasar Sifen. Hasken mafi kusa a cikinsu ya taso ne shekara biliyan 7.8 da suka wuce.

Ke nan za a iya aika saƙo da ya fi haske gudu?

A'a. A koma Kabuga da Hotoro. Na Hotoro ba ya ganin komai a takardarsa sai 1 da 0 rabi da rabi, ko na Kabuga ya juya matacinsa ko bai juya ba, ko ma ya kashe na'urarsa ya tafi gida. Na Kabuga yana da ikon zaɓen kusurwa, amma ba shi da ikon zaɓen ko foton ɗinsa zai wuce. Dacewar ba ta fitowa sai an ajiye takardun biyu gefe da gefe, kuma kai takarda sai ta waya ko intanet ko mota, duk a ƙarƙashin gudun haske. Wannan tabbataccen sakamako ne a cikin lissafin kwantum kansa, ba gazawar na'urorin yau ba ce.

Wanne foton ne ya fara yanke hukunci, ɗayan ya bi?

Tambayar ba ta da amsa guda. In awo biyu sun faru ta yadda haske ba zai haɗa su ba, ƙa'idar dangantaka ta Einstein ta ce mai kallo da ke tafiya gabas zai iya ganin na Hotoro ya riga, mai tafiya yamma ya ga na Kabuga ya riga, kuma lissafin kowannensu yana ba da sakamako iri ɗaya. Don haka a guji koya wa ɗalibai cewa wannan foton ya "gaya wa" wancan.

To mene ne ainihin abin da ya faɗi, me kuma ya rage?

Abin da ya faɗi shi ne haɗa abu uku a ra'ayi guda: amsoshi a shirye, ƙa'idar kusanci, da 'yancin zaɓen kusurwa. Wanne za a saki a cikinsu, a nan masana suka rabu.

Ra'ayin Bohm na 1952 ya riƙe ɓoyayyun sifofi ya saki kusanci. A cikinsa kowace ƙwaya tana da takamaiman wuri a kowane lokaci, kuma abin da aka yi wa ɗaya yana shafar ɗayar nan take. Yana ba da sakamako daidai da kwantum a waɗannan gwaje-gwaje. Shi ne ma ya sa Bell ya tambayi kansa ko dole ne duk ra'ayi irinsa ya saki kusanci. Saboda haka kuskure ne a ce Bell ya kashe ɓoyayyun sifofi baki ɗaya. Masu bin kusanci kawai ya kashe.

Magadan Bohr suna cewa awon da ba a yi ba ba shi da sakamako, don haka rubuta A da A' tare tun farko shi ne kuskuren. Magadan Hugh Everett, wanda ya kawo ra'ayinsa a 1957, suna cewa duk sakamakon biyu suna faruwa a rassa daban-daban. Wasu 'yan kaɗan kuma suna sakin 'yancin zaɓi.

A ganinmu ɗalibi ya fara ƙwarewa a kan lissafin 50 da 75 kafin ya ɗauki ɓangare. Babu gwajin da ya raba tsakanin waɗannan fassarori zuwa yau, kuma duk littafin da ya gabatar da ɗayarsu a matsayin abin da aka tabbatar ya wuce gona da iri.

Shin sai mutum mai hankali ya kalla kafin sakamako ya tabbata?

A'a. Ditekta da kwamfuta ne ke awon cikin nanosakan, ba kowa a ɗakin. Duk wata mu'amala da ta bar alamar halin ƙwayar a kewayenta, ko da karo da ƙwayar iska ne, ta isa ta lalata sarƙewar. Dalilin ke nan da ba a ganin ta a manyan abubuwa masu ɗumi irin jikin mutum.

Na'urorin "kwantum" da ake duba lafiya da su a wasu shaguna, da sarƙoƙin wuya na "kwantum", suna da alaƙa da wannan?

Ba su da ita ko kaɗan. Ƙarfen da za a riƙe a hannu minti ɗaya ya fitar da rahoton hanta da ƙoda da sukari ba ya auna wani abu na kwantum. Mai rashin lafiya ya je asibiti a yi masa gwajin jini. Haka ma da'awar warkarwa daga nesa ko karanta zuciyar wani da sunan sarƙewa: an riga an nuna a sama cewa ba ta ɗaukar saƙo.

Wannan yana da abin cewa game da ƙaddara?

Ba shi da shi. Iyakar Bell magana ce a kan wani rukunin lissafi na abubuwan halitta, wanda ke zaton amsa tana rubuce a jikin ƙwayar kanta kuma tasiri yana bin hanya. Rushewar wannan zato ba ta tabbatar da wata mas'alar aƙida ba, ba ta kuma kore ta ba. Mas'alar ƙaddara a kai ta wurin malaman da suka karance ta.

Wane amfani ake yi da ita?

Babba shi ne raba mabuɗin sirri. Artur Ekert ya kawo dabarar a 1991: ɓangarori biyu su auna tagwayen foton, su sadaukar da wani kaso don lissafa S, sauran su zama mabuɗi. In S ta kusanci 2.83, lissafi ya nuna babu na uku da zai iya sanin sakamakon. In wani ya tsoma baki a hanya, S ta faɗi, a zubar da mabuɗin.

Na biyu shi ne tura halin kwantum daga ƙwaya zuwa ƙwaya, wanda aka tsara a 1993 aka gwada a 1997. Ba abu ake turawa ba, hali ne, kuma na asalin yana lalacewa, sannan sai an aika lambobi biyu ta hanyar sadarwa ta yau da kullum kafin mai karɓa ya kammala.

Babban cikas asara ce a zaren faiba. Mai kyau yana zubar da desibel 0.2 a kilomita: bayan kilomita 50 foton 10 cikin 100 suka rage, bayan 100 saura 1. Ba a iya sa amfilifaya kamar yadda kamfanonin sadarwa ke yi, domin an tabbatar a 1982 cewa ba a kwafar halin kwantum da ba a sani ba. Shi ya sa aka koma ga tauraron ɗan'adam, inda mafi yawan tafiyar a sararin da ba iska ake yin ta.

Za a iya yin gwajin a ɗakin gwajin jami'a a nan Kano? Me ake buƙata?

Za a iya. Jami'o'i da dama a duniya suna ba ɗaliban digirin farko shi, a kan tebur guda.

Kayan su ne: leza mai tsawon zango nanomita 405, mai ƙarfin 'yan gomman miliwat, siraran kiristal biyu na BBO da aka manna, ɗaya an juya shi digiri 90 a kan ɗayan, farantin rabin zango (mai juya fuskar kaɗawar haske) da farantin kwaz (quartz) a kan hanyar lezar, matatan haske biyu masu ma'aunin kusurwa, matatan launi masu barin nanomita 810 kawai, ditektoci biyu na silikon masu ƙirga foton ɗaya-ɗaya, da da'irar da ke ƙirga lokutan da ditektocin suka buga tare cikin 'yan nanosakan. Ditektocin da kiristal ne masu tsada, kuma daga waje ake odar su.

A cikin kiristal, jefi-jefi foton ɗaya na 405 yana rabewa ya zama biyu na 810. Ƙasa da ɗaya cikin biliyan ne ke yin haka. A irin yankan kiristal da aka saba sayarwa don koyarwa, tagwayen suna fita kimanin digiri 3 hagu da dama, wato santimita 5 daga tsakiya a nisan mita 1. Kiristal ɗaya yana ba da tagwaye masu kaɗawa a tsaye, ɗayan masu kaɗawa a kwance, kuma da yake ba a iya sanin wanne ya haife su, sai su fito a sarƙe.

Saitin yana bin wannan tsari. A cire matatan haske, a daidaita ditektoci har bugun-tare ya kai ƙololuwa. A mayar da su, a ƙirga a 0 da 0, sannan a 90 da 90, a juya farantin rabin zango har adadin biyu su yi daidai. Sai a sa su a 45 da 45, a karkata farantin kwaz a hankali har ƙirga ta kai iyakarta, a tabbatar a 45 da 135 ta faɗi ƙasa sosai. A ɗebe ƙaramin adadi daga babba a raba da jimlarsu: in abin da ya fito bai haura 0.71 ba, kada a ɓata lokaci, S ba za ta wuce 2 ba, domin S tana kusan 2.83 sau wannan adadi. Daga nan a yi awo 16: kowane haɗin kusurwa cikin huɗun nan, a auna shi da kusurwoyin kansu da kuma waɗanda aka ƙara wa 90, kowane awo da tsawon lokaci iri ɗaya.

Me ya fi ɓata wannan gwaji?

Hasken ɗaki ne na farko. Kunna fitila alhali ditekta tana aiki yana iya ƙona ta, ko hasken fuskar waya ma yana cika ƙirga da shara. A rufe tagogi da baƙin yadi, a kashe ditekta kafin a kunna wuta.

Na biyu bugun-tare na katari. Adadinsa shi ne ƙirgar ditekta ta farko sau ta biyu sau faɗin tagar lokaci. In kowacce tana buga 20,000 a sakan, taga kuma nanosakan 10, ana samun 4 na ƙarya a kowane sakan. In na gaskiya 300 ne, ba damuwa. In 15 ne, sun isa su ja S ƙasa. Ƙara ƙarfin leza ba ya magance wannan, domin na ƙarya sun fi na gaskiya saurin ƙaruwa. A rage tagar, a gyara saiti.

Sauran na yanayin garinmu ne. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, tsawon zangon leza yana gocewa in ɗakin ya ɗumama, saitin farantin kwaz ya tashi, ditekta kuma ta ƙara bugun banza. Ana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, a kuma bar leza ta yi kamar rabin awa a kunne kafin a fara. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan madubai ta watsa haske, don haka a yi wa teburin akwati, a riƙa hure ƙura da famfon roba, kada a goge da ƙyalle. Da damina kuma BBO yana shan laima fuskarsa ta dushe, sai a ajiye shi a rufaffen gwangwani da ƙullin silika. Wuta kuwa a ɗora komai a kan inbata da batir: in ta ɗauke a awo na 9, ba a ɗorawa daga na 10, sai a sake duba saiti a faro daga farko.

Leza ta 405 tana yi wa ido kamar ba ta da ƙarfi, domin ido ba ya ganin wannan launi sosai, alhali tana iya lahanta shi. Tabarau na kariya da aka yi don wannan zango wajibi ne ga duk wanda ke ɗakin.

In mun sami S = 2.4, mun tabbatar ke nan?

Sai an faɗi kuskuren awo. Kuskuren kowace ƙirga N shi ne √N. In kowane haɗin kusurwa ya tara bugun-tare kimanin 1,000, kuskuren S yana kusan 0.05, don haka 2.4 ta haura 2 da ninki 8 na kuskuren, sakamako mai ƙarfi. In 50 kawai aka tara, kuskuren ya haura 0.2, ba a kai ninki 2 ba, sai a ƙara lokaci. A rubuta a rahoto ko an ɗebe bugun katari ko ba a ɗebe ba, kuma ya fi kyau a kawo duka biyun. A kuma faɗa a fili cewa a gwajin tebur kafar saƙo da kafar kamu a buɗe suke: matatan suna kusa da juna, da hannu aka juya su, kuma foton da aka kama kaɗan ne daga waɗanda aka samar.